Hoton Bai Girgiza Ba

Ranar da Auta ta shigo gida da kyamara rataye a wuya, Matar Yaya ta san aikinta ya ƙaru, ta wace fuska ce kawai ba ta sani ba. A gidan nan duk abin da ya shigo ta ƙofa, baƙo ne ko sabon firji, a kanta yake ƙarewa.

Tana durƙushe a gaban gadon Mama, uwar mijinta, tana matse tsumma cikin ruwan ɗumi. Mama ta daɗe a kwance tun da ɓarin jikinta ya shanye. Magana ta tafi, nauyi kuwa bai ragu ba ko kaɗan, don dama mace ce mai jiki. Sai an ɗaga ta, an zaunar, an goge, an sauya mata zane, an juya ta kada bayanta ya yi gyambo. 'Ya'ya uku ta haifa, duk suna raye suna cin abinci da hannunsu, amma hannun da ke wannan hidima ba daga cikinta ya fito ba.

Auta, ƙanwar maigidan, ta tsaya a bakin ƙofa tana bayani da zumuɗi. Gajeren fim za ta yi, wanda za a nuna a taron mata masu shirya finafinai na ƙashin kansu. Ba irin na soyayya da waƙa ba ne, in ji ta. Babu labari, babu fuska, babu mai magana. Hannu kawai za a gani.

"Hannunki, Matar Yaya. Aikin mace da ba wanda yake gani. Ni zan sa duniya ta gan shi."

"To fara gani ke," in ji Matar Yaya tana dariya. "Kama mini ƙafafunta mu juya ta."

Auta ta ja da baya kamar an miƙo mata garwashi. Ta ce ai mai ɗaukar irin wannan fim ba ya sa hannu a abin da yake ɗauka, da zarar ya sa hannu ya ɓata gaskiyar abin, haka aka koyar da su. Matar Yaya ta sha jin uzuri a gidan nan, amma ba ta taɓa jin mai tsafta irin wannan ba, uzurin da sai da aka je makaranta aka karanto shi.

Na maigidan tsoho ne, ya sha jiki. Shi namiji ne, bai kamata ya ga tsiraicin mahaifiyarsa ba, ga shi kuma ofis ba ya jira. Kullum da safe sai ya leƙo da takalmi a ƙafa, ya gaida Mama daga bakin ƙofa, ya fice da ƙamshin turarensa kafin warin ɗakin ya kama masa riga. Babbar yayarsu, wadda ake kira Anti Babba, tana aure a wani gari. Hawan jini ne da ita, kuma hawan jinin nan ya san aikinsa, ba ya tashi sai an ambaci jinya. Abin da take aikowa saƙon murya ne mai tsawo, rabi addu'a rabi umarni.

Da farko, a faɗi gaskiya, Matar Yaya ta ji daɗin abin. Tela ce, keken ɗinkinta na nan a kusurwar falo kusa da taga, kuma matan unguwa sun shaide ta ba ta ɓata yadi. Auta ta sa ta zauna a keken, ta matso da kyamara, ta ce ta zura zare a allura. Ta lashi bakin zaren ta zura shi karo ɗaya, ko ƙanƙance ido ba ta yi ba. Da aka nuna mata a ɗan gilashin kyamarar sai ta ga yatsunta sun yi mata kyau. Ba ta taɓa tsayawa ta kalli hannunta ba sai ranar. Har 'yar waƙa ta yi a kicin.

Amma hannun daman nan ya riga ya fara ƙorafi. Babban yatsa da biyun da ke kusa da shi suna yi mata kamar tururuwa na yawo a ciki. Da asuba takan farka ta ji su kamar na wani aka ɗaura mata, sai ta yi ta yarfe hannun kafin ya dawo. Kofi ya suɓuce mata, aka ce ganganci. Murfin tukunya ya suɓuce, aka ce tunani ya yi mata yawa. Ranar da ta je asibiti karɓo maganin Mama, sai ta saci jiki ta bi layin ganin likita. Likitar ta lanƙwasa mata wuyan hannu, ta ƙwanƙwasa, ta ce jijiya ce ta matse saboda ɗaukar nauyi da matsar wanki. Ta ba ta wani maɗauri mai ƙarfe a ciki ta ce ta riƙa sawa, ta daina ɗaga majinyaciya, ta dawo a yi mata ɗan ƙaramin aiki. Sannan ta danna tudun naman da ke gindin babban yatsa.

"Kin ga wannan? Idan ya lotsa ba ya dawowa. Ke da kike tela, da shi kike riƙe allura."

Washegari ta gaya wa maigidan yana ɗaure igiyar takalmi. Ya ce subhanallahi, ya ce Allah ya sauwaƙe, ya ce a bari Mama ta ɗan ji sauƙi tukuna. Ta ce to ko a ɗauko mai jinya ta riƙa kama mata. Ya ɗago ya dube ta kamar ta zage shi. Me mutane za su ce, suna da rai da lafiya su miƙa uwarsu ga bare? Kuma ai Mama ta saba da hannunta, ba ta yarda da na kowa.

"Ke ce 'yarta ta gaskiya, wallahi," ya ce, ya ɗauki makullin mota.

Ta san irin wannan yabon. Duk ranar da aka yi mata shi, to akwai abin da aka hana ta.

Auta kuwa da ta ga maɗaurin sai ta ɓata fuska. Ta ce a hotunan farko babu shi, idan aka haɗa fim ɗin zai zama kamar hannun mutum biyu ne. Ta roƙa a riƙa cirewa na ɗan lokaci, ana gamawa a mayar. Abin da ba ta faɗa ba shi ne, lokacin ɗaukar hoto shi ne lokacin da hasken safe ke shigowa ta tagar Mama, wato daidai lokacin ɗagawa da wanka da matse zanen gado. Sai ya zama maɗaurin yana hannu lokacin hutu, yana kan tebur lokacin aiki.

Ga kuma maimaici. Matar Yaya ta matse zane, Auta ta ce ɗigar ruwan ba ta fito ba, a sake jiƙawa. Ta ɗaga Mama ta jingina ta da matashi, Auta ta ce babur ya wuce ya ɓata sautin, a kwantar a sake ɗagawa. Mai gudun sa hannu kada ta ɓata gaskiya, ita ce ke sa a yi ta maimaita gaskiyar har sai ta yi mata. Matar Yaya ta so ta ƙi, amma ƙanwar miji ce, kuma autar gida, wadda ko lokacin da Mama ke da baki ba ta taɓa ce mata bari ba. Maigidan ma ya ce a mara wa yarinya baya, wata rana ita za ta fito da sunan gida.

Ta daina samun zama. Ko ta zauna kunnenta na ɗakin Mama, idonta na kan tudun naman nan. Tana dubansa a kicin, tana dubansa a banɗaki, tana gwada shi da na hagu kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa. Ranar da aka sa mata ta koma asibiti ta zo, Auta ta ce hasken yau ba a samun irinsa. Aka sa wata ranar, maigidan ya ce suna da taro a ofis, babu mai zama da Mama. Aka sake sa wata, Anti Babba ta yi alkawarin zuwa ta karɓe ta, ana gobe hawan jini ya tashi.

Almakashi ya fara gagararta. Tana yanka yadin wata mai shago hannun ya goce, wuyan riga ya tafi a karkace. Matar ba ta yi faɗa ba, ta dai karɓi kayanta ta ce Allah ya ba da lafiya, kuma wannan ya fi faɗa ciwo. Sauran yadukan Matar Yaya ta ninke su da kanta ta mayar wa masu su. Aka lulluɓe keken da tsohon zane, kafin a ce me ya zama teburin magungunan Mama da wurin cajin batirin Auta.

Mama kaɗai ta nuna ta sani. Wata safiya ana goge mata jiki, ta lallaɓo da hannunta mai lafiya ta kama wuyan hannun Matar Yaya ta riƙe, tana shafa wurin a hankali, hawaye na bin gefen idonta zuwa kunne. Matar Yaya ta bar mata hannun. Tana son tsohuwar nan, ba don an ce ta so ta ba. Ita ce ta saya mata keken ɗinkin tun tana amarya, ta ce mace ba ta zama da hannu a cinya. Daga bayanta sai ta ji Auta na raɗa.

"Kar ku motsa. Don Allah kar ku motsa."

Wata rana da la'asar ta kai wa Auta wankakkun kayanta ɗaki, ta tarar da ita a gaban kwamfuta. Hannun Matar Yaya ne ya cika gilashin, an rage masa gudu, yana ƙoƙarin sa maɓallin rigar Mama, maɓallin na zillewa. Auta ta mayar da hoton baya ta sake kallo, ta kuma mayarwa. Sannan ta jera shi da na ranar farko, na allura da zare, gefe da gefe. A ɗaya gindin yatsan cike yake, a ɗayan ya yi rami kamar an ɗebe da cokali.

"Kin gani?" in ji Auta, idonta na ƙyalli. "Kin ga yadda ya canza? Ai wannan shi ne fim ɗin gaba ɗaya. Ban ma tsara shi ba, da kansa ya zo."

Matar Yaya ta ajiye kayan a bakin gado ta fita. A tsakiyar falo ta tsaya tana neman abin da ta fito yi ta rasa. Ramin ta riga ta san da shi, kullum tare suke kwana. Murnar da ta ji a muryar yarinyar ce ta tsaya mata a rai.

Abin ya faru ne da safe. Auta ta ce wannan ne hoto na ƙarshe, daga shi ta gama, a ɗauke Mama daga gado zuwa keken guragu. Ranar ba ta kafa kyamarar a kan ƙafafunta na ƙarfe ba, a hannu ta riƙe ta don ta matso kusa, kusa ƙwarai, har Matar Yaya na jin numfashinta a kafaɗa. Maɗauri na kan tebur. Ta zura hannuwa ƙarƙashin hammatar Mama, ta yi bisimilla ta ɗaga. A tsakanin gado da keke hannun dama ya buɗe da kansa, kamar ba nata ba.

"Auta, kama! Kama ta!"

Mama ta sulale. Matar Yaya ta tare da gwiwa, ta tare da hagu, nauyi ya rinjaye ta. Goshin tsohuwar ya daki ƙarfen gado, kafaɗarta ta bugi ƙasa. Sai da jini ya fara bin daɓen ɗakin sannan Auta ta sauke kyamara ta fasa ihu.

An yi wa Mama ɗinki a goshi, kafaɗa kuma ta goce. Anti Babba ta iso a ranar, hawan jinin ya ba ta izinin tafiya. Aka zauna a falo. Anti Babba ta ce ita ba ta zargin kowa, Allah ya sani, amma da 'yar cikin Mama ce a wurin da ba ta bari ta kai ƙasa ba. Maigidan ya ce in ta gaji ai sai ta faɗa. Matar Yaya ta ce ta faɗa. Ya ce ta faɗa, amma ba ta faɗa ta yadda mutum zai gane abin ya kai haka ba. Anti Babba ta jawo hannun Matar Yaya ta juya shi, ta ce ikon Allah, ji yadda ya lalace, a ce duk gidan nan ba wanda ya lura? Matar Yaya ta dubi Auta. Auta na kallon wayarta. Da aka tambaye ta yadda aka yi, cewa ta yi abin ya faru da sauri, ba ta ga komai sosai ba.

Anti Babba ta kwana ta koma, ta bar umarni mai yawa a baya. Matar Yaya ta ci gaba da ɗagawa, yanzu da hagu da damtse, tana cije leɓe. Wa zai yi in ba ita ba? Bambancin kawai, yanzu duk wanda ya leƙo sai ya ce mata ta yi a hankali.

Ranar da aka mayar da Mama a cire mata zaren ɗinki, Matar Yaya ta sake satar jiki ta ga likitarta. Likitar ta danna ramin. Ta ce za a yi aikin don ciwon ya tsaya, sauran yatsun su tsira, in har ta zo farkon mako kuma ta huta bayansa. Amma babban yatsan, kada ta sa rai da allura. Matar Yaya ta fito ta zauna a benci ta yi kuka, ba kukan Mama ba, ba na kowa ba, nata na kanta. A gida ta gaya wa maigidan. Ya ce inna lillahi, ya ce a bari kafaɗar Mama ta warke tukuna.

Ƙarshen makon aka yi taron finafinan. Auta ta kafe sai Matar Yaya ta je, ai ita ce tauraruwarta. Matar Yaya ta ce wa zai zauna da Mama? Ai kuwa kafin azahar maigidan ya shigo da wata mai jinya, mace mai kama jiki da farar riga, ya ce za ta wuni. Baren da aka ce Mama ba ta yarda da hannunsa, baren da mutane za su yi surutu a kansa, ga shi nan a ɗakin yana gyara matashi, Mama kuma ba ta nuna ƙi ba. Saboda asibiti ba a samu ba, saboda fim an samu. A mota Auta ta roƙe ta ta sa maɗaurin a jaka, kada mutane su ga hannun ya bambanta da na fim.

Ƙaramin zaure ne a saman wani ɗakin karatu, kujerun roba, an toshe tagogi da baƙin yadi. Mata ne suka cika shi, sai 'yan maza jefi-jefi. Wata ta ɗauki labulen ɗakinta iska na kaɗa shi daga fari har ƙarshe, Matar Yaya ta rasa gane kansa. Wata ta bi wata direbar bas da wayar hannu, wannan kam ta ji daɗinsa, har ta manta hannunta na ɗan lokaci. Sai aka sa na wata da ta ɗauki gwaggonta mai wanki da guga. Ana cikin kallo gwaggon ta sauko daga matakala da kwandon kaya a ka, ƙafarta ta zame. Nan take hoton ya kife. Ba a ganin komai sai rufin ɗaki da fanka na juyawa, ana jin takun gudu da muryar mai kyamarar tana cewa ga ni nan, ga ni nan. Haka suka bar rufin a fim ɗin har aka ji su biyun suna dariya.

Matar Yaya ta gyara zama. Ashe ana ajiyewa. Ashe ba haramun ba ne. Ta dubi Auta da ke gefenta, Auta na duba agogo.

Sai nasu ya zo. Allura da zare, karo ɗaya. Ruwa na ɗiga daga zane. Hannun Mama a kan wuyan hannunta. Maɓallin nan mai zillewa. Zauren ya yi tsit, wata a bayanta na jan hanci. Sannan gado da keken guragu, hannunta ƙarƙashin hammata, jijiyoyi sun miƙe. Yatsun suka buɗe. Hoton ya bi hannun zuwa ƙasa a hankali, sumul, bai kauce ba, bai karkace ba. Ta saurara ta ji muryarta tana kiran Auta, ba ta ji ba, an cire. Ƙarar goshi da ƙarfe kuwa an bar ta.

Tafi ya ɓarke. Maigidan na tafi har da ɗaga hannu sama, yana waige a ga cewa ƙanwarsa ce. Auta ta hau gaba kusa da mai gabatarwa. Wata mata mai tabarau ta miƙe ta ce abin da ya fi burge ta shi ne natsuwar mai ɗaukar hoto, ko a lokacin faɗuwar nan hoton bai girgiza ba ko kaɗan, wannan sai ƙwararre. Auta ta sunkuyar da kai ta gode. Aka tambaye ta hannun wane ne, ta ce hannun kowace mace ne, shi ya sa ba ta nuna fuska ba. Sannan ta ce amma mai shi tana nan, ta yafito Matar Yaya.

Ta tashi ta je. Mai gabatarwa ta miƙa mata makirufo, ta karɓa da dama don sabo. Ya suɓuce ya daki katako, lasifika ta ɗauki ƙarar ta watsa wa zauren, irin ƙarar da suka gama ji a fim. Wasu suka zabura. Ta sunkuya ta ɗauka da hagu.

"Gaskiya baiwar Allahn nan ta faɗa," ta ce. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma an ji. "Hoton bai girgiza ba. Ina wurin. Sai dai akwai magana da aka cire a daidai nan. Cewa na yi, Auta, kama ta. Tana tsaye kusa da ni kamar yadda take yanzu. Wadda ta faɗi kuma uwarta ce."

Auta ta kai hannu za ta karɓi makirufon tana murmushin dole. Matar Yaya ta ɗan juya kafaɗa.

"A gida an ce ba wanda ya lura hannun na lalacewa. To kun gani da idonku, an lura. Har gudu aka rage masa don a lura da kyau." Ta ɗaga shi, ramin na kallon mutane. "Kuma ba hannun kowace mace ba ne. Nawa ne. Da shi nake ɗinki."

Ba wanda ya tafa. Ta mayar wa mai gabatarwa makirufonta, ta buɗe jaka ta ciro maɗaurin, ta zura hannun, ta ja igiyar da haƙori a gaban kowa. Sannan ta bi tsakanin kujeru ta sauka.

Ba wanda ya taɓa dukanta a gidan nan, ba wanda ya taɓa zaginta. Da za a tara su a tambaya, kowa zai rantse yana ƙaunarta, kuma ba ƙarya zai yi ba. Yabo kawai aka yi ta yi mata, ana cewa a bari tukuna, har yatsa ya mutu a gaban mutum uku masu hannu bibbiyu, ɗayarsu ma tana kallonsa ta gilashi mai ƙara girma.

A bakin titi maigidan ya cim mata yana haki. Ya ce ta kunyata su a gaban mutane, ta ɓata wa yarinya ranarta, maganar gida ba a nan ake yinta ba. Ta ce ba ita ta kawo ɗakin Mama gaban mutane ba. Ta gaya masa gidan yayanta za ta, daga can za ta wuce asibiti farkon mako, kuma ba za ta dawo ba sai likita ta ce hannun ya huta. Da ta ambaci Mama sai da zuciyarta ta karye, don ta san tsohuwar za ta yi ta kallon ƙofa da yamma, ita kuwa ba ta yi mata laifin komai ba. Amma sauran yatsu huɗu ne suka rage mata, kuma ta ga yadda ake yi da su a gidan.

"Mai jinyar nan da magariba za ta tafi," in ji maigidan, muryarsa ta sauko. "Wa zai juya Mama? Mu ba mu san yadda ake yi ba."

"Tambayi Auta," ta ce. "Ba wanda ya fi ta sani. Ta kalla ba adadi."

Ta ɗaga hannun hagu ta tsayar da mota.